Yaya Ake Koya wa Ɗan Orka Tsalle da Sauran Wasanni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga bidiyon wani wurin shaƙatawa inda ɗan ƙaramin orka, ƙatuwar dabbar tekun nan mai baƙi da fari, yake tsalle tare da uwarsa da zarar mai horarwa ya ɗaga hannu. Abin ya ɗaure mini kai. Ta yaya ake fahimtar da dabbar da ba ta san maganar mutum ba? Dukansu ake yi, ko da yunwa ake lanƙwasa su? Kuma tun suna da wata nawa ake farawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Batun duka dai ki cire shi. Orka ita ce mafi girma a dangin dolfin, ana haifar ɗanta da tsawon da ya haura mita 2 da nauyin da ya wuce kilo 100, babban namiji kuwa yakan kai tan 5 ko fiye. Wa zai daki wannan a cikin ruwa ya fito lafiya? Batun yunwa yana da ɗan bayani, zan zo kansa.

Malamin farko na ɗan orka uwarsa ce. Bayan ciki na kusan wata 17, jaririn yana faɗowa ya maƙale a gefenta, ruwan da jikinta yake turawa yana jan sa ba tare da ya wahala ba. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature a 2005 ya nuna cewa a watan farko daga uwar har ɗan kusan ba sa tsayawa su yi barci, kullum suna cikin iyo. A wannan lokaci mai horarwa ba shi da abin da zai ba jariri, domin nono yake sha. Aikinsa ya lura, ya rubuta sau nawa ya sha nono da yadda yake numfashi. Amma duk sanda aka kira uwa bakin tafki, ɗan yana biye da ita. Yana ganin ta buɗe baki an jefa mata kifi, yana ganin an ɗaga hannu ta yi tsalle, shi ma sai ya yunƙura a bayanta. Tsallen da kika gani, da alama kwaikwayo ne ya fi yawa a cikinsa. Sai ya yi 'yan watanni ya fara wasa da kifi a baki, yana taunawa yana tofarwa, kafin horo na sosai ya kankama.

Horon kansa ya samo asali daga aikin masanin halayyar nan na Amurka, B. F. Skinner, wanda ya nuna cewa dabba tana maimaita duk aikin da ya jawo mata abin da take so. Ɗalibansa Keller da Marian Breland suka mayar da abin sana'a, sannan Karen Pryor ta yi fice wajen amfani da shi a kan dolfin a Hawai cikin shekarun 1960.

Sirrin yana cikin usur. Matsalar mai horarwa ita ce, orka tana yin abin da ake so a tsakiyar tafki, kifi kuma yana cikin bokiti a baki. Kafin ta iso ta karɓa ta yi wasu abubuwa biyar, to wanne aka saka mata a kai? Don haka ake fara koya wa ɗan cewa ƙarar usur tana nufin kifi na tafe: a busa, a ba shi, a busa, a ba shi, har abin ya zauna masa. Daga nan usur ya zama hanyar ce masa "wannan da ka yi yanzun nan, shi nake so". Idan mai horarwa ya makara da daƙiƙa ɗaya, ya busa lokacin da ɗan yake faɗowa maimakon lokacin da ya kai ƙololuwar tsalle, to faɗowa ya koya masa. A ganina nan ne ake bambanta gwani da ɗan koyo a wannan sana'a, kuma yawancin abin da ake kira taurin kan dabba, kuskuren mai busa ne. Akwai wata orka mai suna Morgan a wurin shaƙatawa na Loro Parque da ke tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, wadda aka tsinto a gaɓar Holan a 2010 aka kuma gano tana da matsalar ji. Ita da hasken fitila ake sanar da ita ta yi daidai.

Bayan usur sai sanda mai ƙwallo a kai. Ana fara koya wa ɗan ya taɓa tafin hannun mai horarwa da bakinsa, sannan a mayar da shi kan ƙwallon. Da ya gane cewa taɓa ƙwallo yana kawo usur, an sami linzami. A sa ƙwallon a saman ruwa, ya taɓa. Gobe a ɗaga shi kaɗan, sai ya fito da kai. A ƙara ɗagawa, sai ya fito da rabin jiki. Haka ake tafiya taki-taki, tamkar yaron da ake matsar masa da abin wasa yana rarrafe, har ranar da ba zai kai ga ƙwallon ba sai ya nutsa ƙasa ya taho da gudu ya bar ruwa gaba ɗaya. A ƙarshe ake haɗa aikin da wata ishara ta hannu, a janye sandar sannu a hankali, ya rage hannun kaɗai. Wani aikin ma ba a bin wannan doguwar hanya: idan ɗan ya fesa ruwa ko ya kaɗa wutsiya don nishaɗinsa, sai a busa nan take, daga baya a ɗaura masa ishara.

Idan ya yi kuskure fa? Mai horarwa yana tsayawa cak na daƙiƙa 2 zuwa 3, ba usur, ba kifi, ba tsawa, sannan a ci gaba. Kuma ba kullum kifi ne lada ba. Akwai ƙanƙara, da sosa masa baya ko sosa masa harshe, da fesa ruwa da tiyo, da kayan wasa. Ana sassauya su da gangan domin orka tana saurin gundura, in ta san abin da zai biyo baya sai ta juya ta yi tafiyarta.

Abin da 'yan kallo ba sa gani shi ne, darussan farko ba na wasa ba ne. Ana koya wa ɗan ya tsaya wuri ɗaya, ya wuce ta ƙofa daga wannan tafki zuwa wancan, ya kwanta rigingine ya miƙa wutsiya a ɗebi jini, ya buɗe baki a duba haƙora, ya zamo kan sikeli a auna shi. Yi wa irin wannan dabba allurar barci yana da haɗari ƙwarai, domin ba kamar mu ba, kowane numfashi da niyya take yin sa, shi ya sa haɗin kanta ya zama dole.

Wurin da abin ya fi ban sha'awa shi ne abin da suke koya wa juna. A wurin shaƙatawa na Marineland a Kanada, kusa da Nayagara, masani Michael Noonan ya ba da rahoto a 2005 cewa wani ɗan orka mai shekara 4 ya ƙirƙiro dabarar tofar da kifi a saman ruwa, ya laɓe a ƙasa, idan tsuntsun teku ya sauko ɗauka sai ya cafke shi. Ba a daɗe ba ƙaninsa ya ɗauka, sauran ma suka bi. Babu mutumin da ya koya musu. A Marineland ta Antibes a Faransa kuwa, José Abramson da abokan aikinsa sun koya wa orka ishara mai nufin "yi irin abin da wancan ya yi", kuma a 2018 suka wallafa cewa wata mai suna Wikie ta kwaikwayi sautukan da ba ta taɓa yi ba, har da 'yan kalmomin mutane, ta kafar numfashin da ke saman kanta. Wannan baiwa daga teku suka zo da ita. A tsibiran Crozet an ga iyaye mata suna tura 'ya'yansu bakin gaɓa suna koya musu farautar dabbobin da ke kwance a yashi, kuma sai ɗan ya kai wajen shekara 5 zuwa 6 kafin ya yi kamun farko.

Kwaikwayon nan kuma ba ya zaɓe. Ɗan da ya ga manya suna gurgurar siminti da ƙarfen ƙofa saboda zaman kaɗaici, shi ma zai yi. Wani bincike na 2017 a kan orka 29 da ke tsare ya iske dukkansu da lalacewar haƙora. Uwar da ba ta taso a gaban manyan mata ba kuma tana iya ƙin ɗanta, kamar yadda wata mai suna Kohana ta ƙi ɗanta Adán a Loro Parque a 2010, aka koma shayar da shi da kwalba.

To, batun yunwa. Kamfanonin da ke da irin waɗannan wuraren shaƙatawa suna cewa kowace dabba tana samun abincinta cikakke, ta yi aiki ko ba ta yi ba. Wasu tsofaffin masu horarwa, ciki har da waɗanda suka yi magana a fim ɗin Blackfish na 2013, sun ce an sha rage wa dabba kifi don ta ba da haɗin kai. Abin da babu gardama a kansa shi ne, duk kifin da orkar tafki za ta ci daga hannun mutum yake fitowa, don haka ni ba na yarda a ce da son ranta zalla take aiki. Horon kuma bai mayar da ita dabbar gida ba. Wani namijin orka mai suna Keto ya kashe mai horarwa Alexis Martínez a Loro Parque a Disambar 2009, wata biyu bayan haka wani mai suna Tilikum ya kashe mai horarwa Dawn Brancheau a wurin shaƙatawa na kamfanin SeaWorld da ke Orlando a Amurka, abin da ya sa aka daina barin masu horarwa su shiga ruwa da orka a wasannin kamfanin.

Kalina, wadda aka haifa a Orlando a 1985, ita ce orka ta farko da aka haifa a tsare ta rayu ta girma. SeaWorld ta sanar da daina haifar da orka a 2016, ta ƙarshensu, Kyara, an haife ta a 2017 ta mutu tana da wata 3. Kanada ta haramta haifar da su a tsare a 2019, Marineland ta Antibes kuma ta rufe a Janairun 2025. Idan bidiyon da kika gani sabo ne, mai yiwuwa daga Tenerife ko ƙasar Sin ya fito, domin can ne har yanzu ake samun haihuwa.