Ki rubuta sunansa, ko da ba zai bi ki ba

'Yar'uwa, na ga tambayarki. Kin ce shekara biyu ke nan ba kwa zama tare da mijinki, amma a takarda auren yana nan, kuna kuma da ɗa, kina son neman zama na dindindin a Kanada ta Express Entry, tsarin da ke zaɓar ƙwararrun ma'aikata bisa maki, kuma wani ya ba ki shawara ki cika fom a matsayin marar aure tunda ko gaisawa ba kwa yi. Na bi wannan hanyar a irin halin da kike ciki, da ɗiya guda a hannuna.

Wannan shawarar ki yi watsi da ita. Hukumar shige da fice ta Kanada, IRCC, ba ruwanta da ko kuna ga-maciji. Matsayinki a doka take tambaya. Sashe na 40 na dokarsu ya ce wanda ya ɓoye bayani mai muhimmanci za a haramta masa shiga ƙasar shekara 5, kuma ko bayan kin samu takardar zama, in abin ya fito za a iya ƙwace ta. Fitowarsa kuwa ba wuya: sunansa na jikin takardar haihuwar ɗanki, in kuma kin taɓa neman bizar Amurka ko Ingila a matsayin matar aure, ki sani suna musayar bayanai da Kanada.

Abin takaicin ma, ƙaryar ba ta ƙara miki ko maki ɗaya. Idan kika rubuta cewa kina da miji amma ba zai biyo ki ba, lissafin marar aure za a yi miki, wanda a babban sashe yake kaiwa maki 500 maimakon 460 na mai tafiya da miji. Don haka ki sa sunansa a duk inda aka tambaya. Akwai zaɓin rabuwa a hukumance a cikin fom ɗin, amma a ganina kada ki taɓa shi sai in kina da takardar kotu ko rubutacciyar yarjejeniya.

Inda aikin yake shi ne gwajin lafiya. A ƙa'ida kowa a cikin iyali sai an duba shi, ko zai tafi ko ba zai tafi ba. Nawa mijin cewa ya yi ba shi ba asibiti. Abin da ya fid da ni shi ne ƙa'ida ta 23 cikin ƙa'idojin dokar shige da ficensu, wadda ta ce matsalar mijin da ba ya cikin tafiya ba ta shafar mai nema idan zaman auren ya riga ya rushe, a doka ko a zahiri. Sai dai ke za ki nuna rushewar, jami'i kuma shi zai yanke hukunci. Na haɗa takardar rantsuwa mai ɗauke da ranar da muka rabu, takardar haya da sunana ni kaɗai, da hotunan saƙonnin da na tura masa ina roƙon ya je gwajin, ga alamar ya karanta, ga shiru a ƙasa. Wasiƙar bayanina shafi ɗaya ce, ban sa zagi ko labarin wa ya cuci wa ba. Jami'in ba alƙalin aure ba ne.

Amma ki tsaya ki tambayi zuciyarki. Mijin da kuke rabe kuma ba a gwada shi ba, ƙa'ida ta 117 ta rufe miki ƙofar ɗauko shi daga baya. In har akwai sauran tunanin sulhu, lallaɓa shi ya yi gwajin ya fi.

Maganar yaro ta fi komai cin rai. Ba za ki fita da shi ba sai uban ya sa hannu a fom IMM 5604 a gaban jami'in da doka ta ba ikon shaida sa hannu, tare da kwafin katin shaidarsa mai hoto, ko kuma ki kawo umarnin kotu da ya ba ki riƙo da izinin tafiya da shi. Nan ne wasu mazan suke samun abin ja. Kwana 60 kacal ake bayarwa na miƙa takardu bayan IRCC ta gayyace ki ki nemi zama, kotu kuwa ba ta san gaggawa ba, saboda haka ki fara wannan tun kafin ki buɗe shafinki na Express Entry. Ko da za ki bar yaron ne na ɗan lokaci, ki rubuta shi, a yi masa gwaji.

Idan auren ya mutu ana tsakiyar duba takardunki, ki sanar da su nan take da takardar sakin da hukuma ta amince da ita. Wanda ya ba ki waccan shawarar kuma, in kuɗi yake karɓa a hannunki, ki duba ko lauya ne ko sunansa na cikin rajistar masu lasisi ta CICC, hukumar da ke kula da masu ba da shawara kan shige da fice a Kanada. In babu, ki karɓe takardunki.