Hoto bai nuna ƙullutun ba, za a fasa aikin Inna?

'Yar'uwa daga Argungu, kin ce an ga kalsiyam da sinadarin PTH (wanda halittun faratayirod da ke wuya ke fitarwa don daidaita kalsiyam) sun hau a jinin Innarku, ga tsakuwar ƙoda da ciwon ƙashi, amma sikanin wuya bai nuna komai ba. Allah ya ba ta lafiya.

Ki kwantar da hankalinki, ba a fasa aikin cire ƙullutun faratayirod don haka. Gwajin jini ne ke tabbatar da cutar, wato faratayirod na fitar da PTH fiye da kima, hoto jagora ne kawai ga likitan tiyata. Halittun faratayirod guda 4 ne, a maƙale bayan tayirod ɗin da ke kumbura ya zama maƙoƙo, kowace kamar ƙwayar shinkafa. A wajen mutum 80 cikin 100, ɗaya ce tak ta kumbura. To abu ƙarami haka, in ya ɓuya bayan maƙogwaro ko ya gangara ƙirji, sikanin ba ya ganinsa, balle in Inna na da maƙoƙo.

Ku nemi hoton sestamibi. Ana yin allura a jijiya, a ɗauki hoto bayan ƴan mintuna, a sake bayan kamar awa 2. Maganin ya wanke daga tayirod, ya saura a ƙullutun. Akan tura mutane Abuja ko Ibadan dominsa. Akwai kuma hoton CT na musamman.

In hotuna biyu suka nuna wuri ɗaya, ƴar tsaga ta isa. In ba su nuna ba, likita zai buɗe ya duba duka huɗun da idonsa. Ni dai, ƙwarewar likitan zan fi bincikawa: ku tambaye shi sau nawa ya yi irin wannan aikin.