Kafin a kira wanzami, a fara duba kunnensa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ɗana ya cika shekara 3, amma ban da "mama" da "uwa" in yana son ruwa, ba ya faɗin komai. Sai dai ya ja hannuna ya nuna abin da yake so. Uwar mijina ta ce linzami ne ya ɗaure masa harshe, a kira wanzami ya yanke. Maigidana kuma ya ce ƙanensa ma sai da ya shekara 4 ya buɗe baki. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Me ake dubawa a asibiti?
Wata uwa, daga Daura

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kina da gaskiya da hankalinki bai kwanta ba. Yaro ɗan shekara 2 ana sa ran yana da kalmomi wajen 50, har yana haɗa biyu, kamar "ba ni" ko "Baba zo". Naki yana da shekara 3 da kalma biyu kacal, to jira ya ƙare.

Inna, uwar mijinki, alheri take nufi, amma ki lallashe ta. Linzami yakan hana jariri kama nono da kyau, wani lokaci ya ɓata wasu haruffa, amma ba shi ke hana yaro tara kalmomi ba. Na sha ganin yaran da aka yanka aka zubar musu da jini, magana ba ta zo ba, daga baya muka gano kunne ne.

Shi ya sa da kunne ake farawa. Za a tambaye ki tun daga goyon ciki: ya yi kuka da aka haife shi? Ya yi shawara mai tsanani yana jariri? Ƙyanda fa, ko sanƙarau? Kunnensa ya taɓa zubar da ruwa? Daga nan sai gwaji, kuma babu mai zafi a ciki. Akwai ɗan abin da ake sa wa a bakin kunne ya auna motsin dodon kunne, ya nuna ko ruwa ya taru a bayansa. Akwai wanda ke aika sauti ya saurari amsar can cikin kunne, mintoci kaɗan an gama. In da shakka, sai a manna masa wayoyi a goshi da bayan kunne yana barci, a ga yadda jijiyar ji ke kai saƙo ƙwaƙwalwa.

Na san za ki ce ai yana ji, in an buga ƙyaure yana waiwayowa. Kusan kowace uwa haka take ce min. Ƙarar ƙyaure daban, "s" da "sh" na cikin magana daban. Yaro zai iya jin jiniyar mota amma maganarki ta zo masa kamar daga cikin rijiya.

Bayan an gama da kunne sai aikina, wato gwajin magana da fahimta. Tabarma nake shimfiɗawa mu zauna, in ajiye kofi, cokali, takalmi da 'yartsana. Sai in kare bakina da mafici in ce, "Ba ni takalmi," ban nuna ba, ban kalli takalmin ba. A nan ake rarrabe yaron da ke fahimtar magana da wanda ya ƙware wajen karanta hannu da idon uwarsa. Ina kuma lura: yana kallon fuskata? Yana ɗaukar cokali ya ba 'yartsana abinci? In ya ga abin sha'awa yana nuna miki don ki gani? In waɗannan sun yi ƙaranci, sai likitan yara ya duba ko otizim ne, wato larurar da ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane. A ƙarshe in leƙa bakinsa, leɓe, ganɗa da shi kansa harshen.

Abu ɗaya da ke damuna a aikin nan: yawancin takardun gwajin a Amurka da Ingila aka tsara su, da Turanci da hotunan abin da ɗanmu bai taɓa gani ba. Yaron Katsina da ya ce "tahi" ko "hwara" bai yi kuskure ba, harshen gidansu ne. Ki tabbata da Hausa aka gwada ɗanki.

Ki fara da likitan yara a nan Daura ya rubuta miki takarda zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. In ana bukatar ƙarin gwaji, akwai Asibitin Malam Aminu Kano da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Ki tafi da katin rigakafinsa, ki rubuta duk kalmar da yake faɗa ko da a karkace ce, ki ɗauke shi bidiyo a waya yana wasa a tsakar gida, don yara da yawa sukan yi gum a gaban baƙo. In da hali, maigidan ya raka ku ya ji sakamakon da kunnensa, shi zai fi iya yi wa Inna bayani.