Baba Zai Yi Ritaya Daga Jami'a: Me Farfesoshi Ke Yi Bayan Sun Ajiye Alli?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu farfesa ne a Jami'ar Ahmadu Bello, baɗi zai cika shekara 70 ya yi ritaya. Tun muna yara ba mu san shi da komai ba sai ofis da aji da littattafai. Yayyena sun ce wahalar ta isa haka, ya zauna gida ya huta mu ɗauki nauyinsa. Ni kuwa ina tsoron kada zaman ya karya shi. Me sauran farfesoshi suke yi bayan sun bar aiki, kuma ta ina za mu taimaka masa? Daga wata 'yar Samaru, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya yi miki albarka 'yata, ya yi wa yayyenki albarka su ma, don niyyarsu mai kyau ce. Sai dai ke ce kika hango daidai. Na daɗe ina aiki a sashen kula da harkokin ma'aikata, kuma abin da na lura da shi shi ne, dattijon da ya saba ana jiransa ƙarfe takwas na safe ba gajiya ce ke kayar da shi ba, rashin mai jiransa ne. Waɗanda kika ga sun kai tamanin da ƙarfinsu, idan kika bincika za ki tarar kowannensu yana da wurin da in bai je ba za a buga waya a ce lafiya.

Dokar da aka gyara a 2012 ce ta kai shekarun ritayar farfesa 70, sauran malaman jami'a kuma 65. Amma cika shekarun ba ya nufin jami'a ta gama da mutum. Sashen da ba shi da isassun manyan malamai yakan nemi a riƙe farfesansa da kwantiragi na shekara ɗaya ko biyu, musamman saboda ɗaliban digiri na biyu da na uku da yake dubawa. Akwai kuma muƙamin emeritus, wanda jami'a ke ba wasu ƙalilan don girmama aikinsu. Kada ku ɗauka albashi ne. Daraja ce, sai damar ci gaba da shiga sashe da duba ɗalibai da zama a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim kamar ɗan gida. Ba kowa ke samu ba, kuma rashin samunsa ba ya rage wa malami komai.

Bayan wannan akwai ayyukan da su ke neman mutum har gida. Ba a ba ɗalibi digirin dakta sai an gayyato malami daga wata jami'a ya jarraba shi, ba a kuma ɗaga malami zuwa farfesa sai an aika rubuce-rubucensa ga manyan fanninsa su tantance. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, tana tura ayarin farfesoshi duba kwasa-kwasai. Sababbin jami'o'in da suka kewaye mu, irin su Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, da ta Gusau, da Al-Qalam a Katsina, da yawa daga cikin sassansu tsofaffin malaman harabobin ABU na Samaru da Kongo ne suka taimaka aka kafa su.

A nan ne nake da ja. Na ga dattawa da suka karɓi koyarwa a jami'a biyu ko uku a lokaci guda, yau suna hanyar Funtuwa, jibi suna hanyar Kaduna, suna kwana a masauki suna cin abincin da likita ya hana su. Wannan ba motsa jiki ba ne, neman na cefane ne, kuma laifin ba nasu ba ne. Idan Baba zai karɓi irin wannan aiki, wuri ɗaya ya isa, mai kusa, da direba, kuma ba tafiyar dare.

Zariya ta ga manya da suka bar jami'a suka buɗe wani babi. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci ABU daga 1966 zuwa 1975, ya yi ministan harkokin waje a jamhuriya ta biyu, daga baya ya dawo Samaru ya buɗe asibiti yana duba marasa lafiya. Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi da ya gaje shi, ya yi sanata daga Adamawa. Farfesa Ango Abdullahi, masanin aikin gona, bayan shugabancin jami'ar ya zama mai ba shugaban ƙasa shawara kan wadatar abinci, kuma har tsufansa ana jin muryarsa a Ƙungiyar Dattawan Arewa. Waɗannan fitattu ne. Mafi yawan farfesoshi ba jarida ke ɗauko labarinsu ba: wannan yana shugabantar kwamitin makarantar Islamiyyar unguwa, wancan yana riƙe da baitulmalin masallaci ko na coci, wani shi ake kira sasanta rabon gado. Farfesoshi mata sukan fi maza saurin samun abin yi, domin tun suna aiki ba su yanke hulɗa da unguwa da dangi ba.

Noma shi ne burin kusan kowa, kuma a nan ne kuɗin sallama ya fi salwanta. Gaskiya ne muna da gata: ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR a Samaru da ingantattun irin masara da dawa da wake, ga cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika ga mai son kiwo. Amma mutumin da bai taɓa biyan 'yan ƙwadago ba, ya tashi ya zuba rabin abin da ya tara a gona mai nisa wadda ba zai iya leƙawa kullum ba, ga tsadar taki, ga matsalar tsaro a wasu ƙauyukan, to ya yi wa mai gadi da dillali noma. Lambu a bayan gida, 'yan kaji, 'yan tumaki, itatuwan mangwaro da gwaiba, wannan ya ishi mai neman abin da zai tashe shi da sassafe. In ya ga da riba ya faɗaɗa.

Abin da na fi so in ga dattawanmu sun yi shi ne rubutu, kuma da Hausa. Farfesa yakan yi shekara arba'in yana rubuta maƙalu da Turanci waɗanda 'yan fanninsa kaɗai ke karantawa don neman ƙarin girma. Yanzu ba wanda zai ƙara masa girma, ya samu 'yanci. Likitan dabbobi ya rubuta wa makiyayi, masanin shari'a ya bayyana wa talaka haƙƙinsa, masanin ƙasa ya faɗa wa manomi dalilin da gonarsa ta gaji. A garin da aka kafa Kamfanin Gaskiya, inda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, abin kunya ne a ce ilimin jami'a bai iya tsallaka titin Sakkwato ya shiga kasuwar Samaru ba. In hannunsa ba ya sauri a kwamfuta, ki ɗauki maganarsa a waya, ki sa ƙannenki su buga. Gidajen rediyo ma kullum suna neman masani mai iya Hausa.

Wasu kuma komawa suke yi ɗalibai. Za ki ga farfesa ya naɗe tabarma ya nufi zauren malami a cikin birni, yana ɗaukar fikihu ko nahawu, ko yana tilawa don cika haddar da aikin boko ya katse masa. Ƙwaƙwalwar da ake ba sabon abu ta fi daɗewa da kaifinta, ga kuma lada.

To sai dai duk wannan ba ya yiwuwa in watannin farko suka zo da rikici, kuma abu biyu ne ke kawo shi: gida da fansho. Idan har yanzu kuna kwatas, ko Area A ko BZ, ku sani ba a daɗewa bayan ritaya ake buƙatar makullin. Ku kammala inda zai koma tun bana, kuma in da hali kada ya yi nisa da abokansa da masallacin da ya saba. Wanda aka kai ƙaton gida a bayan gari inda bai san kowa ba, kaɗaici ne zai fara gaishe shi. Fansho kuwa, hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, takan tantance ma'aikatan tarayya tun shekara guda kafin su yi ritaya, don haka yanzu ne lokacin haɗa takardar ɗaukar aiki, da ta ƙarin girma, da shaidar haihuwa, a tabbatar suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya a ko'ina, har da katin ɗan ƙasa. Wanda ya fara aiki kafin tsarin fansho na 2004 yana da wani haƙƙi na shekarun baya da gwamnati ke biya, kuma an sha samun jinkiri a kansa. Dokar 2012 ta ce farfesan da ya yi aiki har ya cika shekarunsa yana da fansho daidai da albashinsa, amma ya je da kansa wajen kamfanin fanshonsa, ko NUPEMCO ne ko wani, a lissafa masa abin da zai shigo hannunsa a wata. A nan ne taimakon yayyenki zai yi amfani: su tanadi abin da zai riƙe gidan tsakanin yankewar albashi da fara fansho.

Maganar lafiya ba ta da tsawo. Ya riƙa auna jini da suga a kai a kai, a duba idonsa da kunnensa a asibitin koyarwa na Shika, domin dattijon da ba ya ji sosai shi ke fara guje wa taro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Tafiya masallaci da ƙafa da ɗan zagaye bayan la'asar sun kusa cika wannan.

Kada ku yi taron 'ya'ya ku yanke masa abin da zai yi, ba zai karɓa ba, kuma yana da gaskiya. Ki same shi shi kaɗai ki tambaye shi wane aiki ne ya daɗe yana cewa sai ya samu lokaci. Ki kuma tuna masa ya yi magana da shugaban sashensu tun yanzu a kan ɗaliban da ba za su gama kafin baɗi ba, domin neman kwantiragi sai ya bi ta sashe da tsangaya kafin ya kai sama, kuma yakan ɗauki watanni.