Ina da ruwa a kai da ciwon suga, ƙiba kuma ta ƙi sauka

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce daga Jega, shekarata 36. Shekara 5 ke nan da aka yi mini aikin ruwa a kai, aka sa mini robar nan mai janye ruwan zuwa ciki. Bayan haihuwata ta ƙarshe aka ce ina da suga, ina shan metformin da Daonil. Nauyina kilo 98, ya ƙi sauka. In na yi tafiya jiri ya ɗebe ni, in na rage abinci jikina ya kama rawa. Maƙwabciyata ta ce ba kitse ba ne, ruwan kan ne ke taruwa a jikina. Ta kawo mini shayin rage ƙiba da wata ƙwaya mai sa fitsari, ta ce in rage shan ruwa. Kwana 9 ina sha, kilo 3 sun tafi, amma yanzu da na miƙe tsaye sai kaina ya sara. Tsoro nake ji, ina da yara ƙanana.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba ki lafiya, ya bar ki da yaranki. Tsoron nan naki yana kan hanya. Ki ajiye shayin da ƙwayar yau, ki koma shan ruwa yadda kika saba, gobe da safe ki je asibiti a auna sugan, a duba ƙoda da gishirin jini. Idan kuwa amai ya shigo, ko barci mai nauyi da rana, ko kina ganin abu ɗaya ya zama biyu, ko zazzaɓi, ko fatar da robar ta bi ta bayan kunne da wuya ta yi ja, kada ki jira gari ya waye. A kama hanyar Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa take.

Yanzu maganar maƙwabciyarki. Na san don Allah ta yi, amma wannan zance na "ƙibar ruwa" na gaji da jin sa. Kusan kullum sai an shigo mini da shi, kuma wanda ya faɗa da tabbaci yake faɗa kamar shi ya buɗe kan ya gani.

Ƙwaƙwalwar kowane baligi, mai ciwo da mai lafiya, tana samar da ruwa kamar mililita 500 a yini. Ledar fiyawata ɗaya ke nan. Abin da ke tsaye cikin kai da laka a kowane lokaci bai wuce kamar mililita 150 ba, ragowar kuwa jini ne ke shanye shi. Ke hanyar ruwan ce ta samu matsala, shi ya sa aka yi miki wata. Robar ta zuba shi cikin ciki, rufin hanji ya tsotse, jini ya kai wa ƙoda, ki fitar da shi da fitsari. Ba ya kwana, balle ya taru a cinya da damtse. To ta ina leda ɗaya za ta zama kilo 98?

Rage shan ruwa kuma ba ya rage ruwan kai. Ke 'yar ƙasar shinkafa ce: in kwalbati ya toshe ruwa ya kwanta a gonar wani, hana shanu sha a gulbi ba zai buɗe shi ba. Ƙwaƙwalwa za ta ci gaba da aikinta ko da leɓɓanki sun tsage don ƙishi. Jininki ne zai kafe, a ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu.

Kilo 3 ɗin nan ba kitse ba ne. Yawancin shayin nan filasko ne a ciki, zawo yake sawa. Ƙwayar kuma, in ban yi kuskure ba, Lasix ce ko danginta. Ruwan jikinki kika zubar, zai dawo cikin kwanaki kaɗan, wanda ya sayar kuma ya riga ya sa kuɗinsa aljihu. Mai suga dama fitsari ke kwashe masa ruwa. In aka ƙara masa zawo da Lasix, jini ya yi kauri, suga ya hau, ƙoda ta galabaita, gishirin fotasiyam da zuciya ke bugawa da shi ya faɗi. Metformin da ke lafiya lau a jikin da ƙodarsa ke aiki sai ya zama haɗari. Ciwon kan da ke zuwa in kin tsaya ya lafa in kin kwanta ya fi kama da bushewar jiki, ko robar na janye ruwa fiye da kima, amma ba ta saƙo ake raba su ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shayin na kawo amai da kasala da ciwon kai, alamomin toshewar roba sak. Na taɓa karɓar wata da aka kawo bayan magariba a bayan mota, kanta a cinyar uwarta, an kira sunanta ta buɗe ido ta sake rufewa. Kwana 3 tana amai, 'yan gida na cewa "maganin ne ke aiki, dattin ne ke fita." Robarta ce ta toshe.

Masu motar lasifika ranar kasuwa, da masu talla a Facebook da TikTok, da yaron kemis da ke ƙirga Lasix a takarda kamar alewa: ku ji tsoron Allah. Kwalba ɗaya ta warkar da suga, da basir, da ƙiba, da ruwan kai? "Na gargajiya ne, ba ya da illa" ba hujja ba ce, tunda zaƙami ma tsiro ne. Ranar da aka kwantar da matar nan ba ku ke biyan kuɗin gado ba.

Abin da nake zargi ya riƙe miki ƙiba yana cikin jakar magungunanki. Daonil na tilasta jiki fitar da insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, ko kin ci ko ba ki ci ba. Kin rage tuwo, suga ya faɗi, jiki ya kama rawa, kin nemi lemo ko fura mai zaƙi, abin da kika rage ya dawo da riba. Ba rashin ƙoƙari ba ne. In rawar ta zo ki auna, ƙasa da 70 (ko 3.9 a wasu na'urori) faɗuwar suga ce, ki sha abu mai zaƙi nan take, ki rubuta lokacin. Da wannan takarda likitanki zai rage Daonil ko ya canza shi. Kada ki daina da kanki. In kina shan maganin farfaɗiya irin Epilim ki faɗa masa, shi ma yana sa ƙiba. Wani lokaci ma ruwan kan ya taɓa sashen ƙwaƙwalwa da ke sanar da mutum ya ƙoshi. Allurar Ozempic da ake yayi don rage ƙiba tana aiki, amma tana sa tashin zuciya da taurin bayan gida, don haka sai likitan kanki ya sani.

Abinci ba sai kin sayi na kanti ba. Malmala ɗaya ƙarama maimakon biyu, miyar kuɓewa ko kuka ko zogale ta fi tuwon yawa, a ja hannu wajen mai. Wake, ƙwai, da kifin da Allah ya hore muku, gasasshe ko dafaffe. Fura kaɗan, nono da yawa, babu sukari, babu zuma. Tuwon alkama ma yana ɗaga suga, a daina cika kwano da shi. Ganye da ruwa za su hana ki taurin ciki, wanda kan matse bakin robar ya rage mata gudu.

Saboda jirin, bar doguwar tafiya ke kaɗai. Minti 10 a tsakar gida bayan kowane cin abinci, kusa da bango, da takalmi a ƙafa. Rabin kilo a mako ya isa. Kilo 5 zuwa 7 kawai in suka sauka za ki ga bambanci a awon suga.

Gobe ki tafi da kwalin shayin da sauran ƙwayoyin a leda, da katin aikin da aka yi miki, kuma wani ya raka ki.