Tiyatar Kyamara: Da Gaske Ba Ta Barin Tabo?

Tambaya: Likita, an gano ina da tsakuwa a matsarmama, kuma an ce za a cire matsarmamar ta hanyar tiyatar kyamara, wadda ake kira lafaroskofi. Fatata takan yi tabo mai tudu ko da ƙaramin rauni na ji. Da gaske ne wannan tiyata ba ta barin tabo?

Amsa: Tana barin tabo, Malama, sai dai ƙanƙane ne. A da sai an tsaga ciki a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, an yanka tsoka, kafin a kai ga matsarmama. Tun da likita Erich Mühe ya cire ta da taimakon na'urar hange a Jamus a 1985, aikin ya sauya. Yanzu ƙofofi uku ko huɗu ake hudawa, kowace tsakanin milimita 5 zuwa 12, a hura iskar kabon dayoksaid domin ciki ya buɗe, sannan a zura kyamara da siraran kayan aiki, likita yana kallon allo. Da yake ba a tsaga tsoka ba, zafin yakan yi sauƙi, ciwon bai cika ruɓewa ba, kuma mutane da yawa sukan koma gida a ranar ko washegari. Idan kafaɗarki ta yi ciwo bayan aikin, ragowar iskar ce take taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, kuma yakan wuce cikin 'yan kwanaki.

An ci gaba da rage girman raunin. Akwai kayan aiki masu kaurin milimita 3 kacal, akwai kuma dabarar shigar da komai ta ƙofa ɗaya a cibiya, inda tabon yake ɓuya a cikin lanƙwasar fata. A nan nake so ki yi hattara, domin ƙofar cibiyar takan fi sauran faɗi, kuma an lura ƙaba ta fi fitowa a wurin daga baya. Kayan aikin ma sukan yi karo da juna, abin da yake ƙuntata wa likita a kusa da bututun ɗaci, wato hanyar da ruwan matsarmama yake bi zuwa hanji, wanda yanke shi bisa kuskure babbar matsala ce. Ni dai na fi natsuwa da ƙofofi huɗu a hannun wanda ya saba da su.

Ki sani kuma, idan likita ya tarar da kumburi mai tsanani ko jini ya ɓalle, zai iya komawa ga tsaga ciki, kuma yin hakan daidai ne.

Batun fatarki kuwa, ki sanar da likitanki tun kafin ranar aiki, domin tabo mai tudu yana iya fitowa ko a ƙaramar ƙofa. Bayan ciwon ya warke ana iya liƙa filastar silikon na wasu watanni, idan kuma tudun ya fara tasowa a yi masa allurar sitiroyid, wato maganin rage kumburi, da wuri.