Amsa ga Malamar da ɗalibanta ba sa kama Rashanci da kunne

Malama, wannan da kika ce ɗalibanki suna karanta Rashanci tiryan-tiryan amma da kin kunna musu murya sai su yi zuru, ni ma na sha shi a padfak, ajin share fage da baƙi ke koyon Rashanci kafin su shiga jami'a. Don Allah kada ki ɗauka ba su da kai.

Matar da ta riƙe ajinmu ta kusa sa ni tattara komatsaina. Sau ɗaya tak take kunna murya, ta kashe, ta bi mu da ido. Wata rana ta tsayar da ni kan farashin tikiti, dvenadtsat ne ko dvadtsat, 12 ko 20. Na ce 20. Ta maimaita amsata tana kwaikwayon muryata, ta ce hala a filin jirgi na baro kunnuwana. Aji ya kwashe da dariya, har da wanda muke cin abinci tukunya ɗaya. Ga sanyi, ga kewar gida. Har yau in na tuna raina sai ya ɓaci. Kuma baiwar Allah nan ba ta taɓa zama ta gaya mana cewa abin da ke takarda ba shi ke fita daga baki ba.

An rubuta moloko, ana cewa malako, don "o" in ba a danna ta ba "a" take komawa. Khleb ya zama khlep, segodnya ta zama sivodnya. To, su fara ji, su tafa a gaɓar da aka danna, sannan ki nuna musu rubutun.

Murya kada ta kai minti ɗaya. Ki faɗa musu abu guda da za su nema, ƙarfe nawa ko kuɗi nawa, ki kunna sau uku. Lambobi kam kullum, ko da minti biyar. Ni sanarwar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Mosko ce ta buɗe min kunne, "ostorozhno, dveri zakryvayutsya", wato a yi hattara, ƙofofi na rufewa, don kullum abu ɗaya take faɗa, sunan tasha kawai ke canzawa.

Af, "Eto Anton" (wannan Anton ne) da "Eto Anton?" (wannan Anton ne?) tashin murya ne kaɗai ya raba su. In akwai Hausawa a ajin, nan da nan za su cafke.

Kuma kalmomin matakin 'yan koyo (A1) na TRKI, jarrabawar Rashanci ta baƙi, wajen 780 ne, kada ki jibga musu labaran rediyo. Ki samo muryar namiji, ta tsohuwa, ta mai saurin baki, don in taki kaɗai suka saba da ita, ranar jarrabawa za su sake yin zuru.